Tankin gumi na sitenles yana yoyo a gefen walda: jabu aka ba ni?

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji mai ƙaramin injin casar shinkafa a Jega. Ya ce: "Na sa an ƙera mini tankin jiƙa shanshera da tukunyar turara na sitenles, aka ce 304 ne, maganaɗisu ma ba ya kama shi. Da ruwan bohol muke aiki. Bai cika shekara biyu ba ya fara zufa a gefen walda, ga siraran tsaga kamar gashi. Mai walda ya liƙe, bayan 'yan makonni ya ɓulle kusa da wurin. Da muka cire robar ƙofa kuma muka tarar ƙarƙashinta ya cinye kamar gara ta shiga, alhali sauran jikin yana ta ƙyalli. Cutata aka yi? In sake da 316?"

Alhaji, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Amma kafin ka je ka ci kwalar wanda ya yi maka aikin, ka ɗan dakata. Mai yiwuwa ne ƙwarai 304 na gaskiya aka ba ka, domin abin da ka kwatanta shi ne ainihin yadda 304 mai kyau yake lalacewa idan ya daɗe cikin ruwan zafi mai gishiri. Cuta biyu ce a tankinka, uwarsu ɗaya, kowacce da halinta. Ta ƙarƙashin roba tsatsar lungu ce. Ta gefen walda kuwa tsagewa ce da gishiri da zafi da ɗaurin ƙarfe suke haɗuwa su haifar, wadda littattafan injiniya suke taƙaita sunanta da haruffa SCC.

Sitenles, wanda mata suke kira silba in kwano ne, baƙin ƙarfe ne da aka zuba wa sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. 304 da 316 lambobi ne na nau'o'in sitenles. A 304 kuromiyam ɗin kusan kashi 18 ne, da nikel kashi 8. Kuromiyam yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata 'yar fata a saman ƙarfen, siririyar da in ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kaurinta bai wuce 'yan kashi kaɗan ba. Ita kaɗai ce ke tsakanin ƙarfenka da tsatsa. In ka karce ta, tana sake tohowa da kanta nan take, da sharaɗi ɗaya: iska ta samu wurin. Tun da Harry Brearley ya fito da wannan ƙarfe a birnin Shefil na Ingila a 1913, sirrin bai canza ba. Sitenles da numfashi yake rayuwa.

Babban maƙiyin wannan fata shi ne kuloraid, wato ɓangaren gishirin miya da ke narkewa cikin ruwa. Kowane ruwan ƙasa yana da shi, bambancin yawa ne kawai. Ruwan teku yana ɗauke da kusan miligiram 19,000 a lita. Harshe yana fara jin zartsi ne wajen miligiram 250 a lita. Ƙa'idar da masu aikin ruwa suke bi kuwa ita ce 304 yana jurewa har wajen 200, 316 har wajen 1,000, kuma wannan a ruwan sanyi mai tsabta ne mai gudana. Ka ga ke nan ruwa yana iya yi maka daɗi a baki alhali ya kai gaɓar da 304 zai fara shan wuya, balle an dafa shi. Mu kuma a wannan yanki gishiri a ƙasa ba baƙo ba ne. Ƙetaren iyaka daga Kamba, cikin Nijar, kwarin Foga yake, inda aka daɗe ana dafa gishiri daga ƙasa, kuma duk mai haƙar rijiya zai gaya maka cewa a gari ɗaya ana samun wannan ta yi daɗi, waccan ta yi zartsi.

Bari in fara da abin da ka gani ƙarƙashin roba, don shi ne ya fi ɗaure wa mutane kai. Hankali yana cewa wurin da aka rufe ya fi samun kariya. A baƙin ƙarfe mai fenti haka ne. A sitenles akasin haka ne. Tsakanin robar da ƙarfen akwai 'yar kafa da ruwa yake shiga amma ba ya fita. Ɗan oksijin da ke cikin wannan ruwan yana ƙarewa, sabo kuma ba shi da hanyar shiga, sai fatar ta kasa gyara kanta. Ƙarfen ya fara narkewa kaɗan kaɗan. Narkakken ƙarfen nan yana janyo kuloraid daga ruwan tanki zuwa cikin lungun, kamar yadda zuma ke kiran ƙudaje, kuma kuromiyam ɗin da ya narke yana haɗuwa da ruwa ya saki asid. A ma'aunin tsami da ake kira pH, ruwan sha yana kusa da 7, ruwan lemun tsami kusa da 2. Ruwan cikin irin wannan lungu yana sauka zuwa 2 ko 1, ko ma ƙasa. Wato a ƙarƙashin robarka wani ɗan kwalban asid mai gishiri ne ya kafu, yana ƙera kansa da kansa, ko da ruwan tankin lafiyayye ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Lungun da faffaɗan jikin tankin suna zama kamar kawuna biyu na batir: lungun yana narkewa, jikin da ke shan iska yana jan wutar. Jikin babba ne, lungun ɗan mitsitsi, don haka duk cin yana taruwa wuri ɗaya ya nutsa ciki. Ƙyallin da kake gani a sauran jikin, da gumin lungun yake ci.

Lungu ba sai roba ba. Ƙarƙashin washa da noti lungu ne. Falle biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya aka ɗiga musu walda nan da can lungu ne. Waldar da aka yi ta waje ba ta ratsa ciki ba ta bar lungu tsawon layinta. Laka da ɓuntu da tsakin shinkafa da suke kwanciya a gindin tanki su ma lungu suke yi, kuma ruwan jiƙo da ya kwana yana yin tsami, ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama a ƙarƙashinsa su ƙara wa wutar fetur. Har takardar talla da aka manna a jikin tanki aka manta na taɓa ɓarewa na tarar da ramuka a ƙarƙashinta. Kuma iya matsewar kafar, iya haɗarinta. Kafa mai faɗi da ruwa ke wanke ta ba ta da wata matsala.

To, sai tsagar. Wannan kamar murhu ne: duwatsu uku, tukunya a kai. Tukunyar ita ce irin ƙarfen, duwatsun kuma gishiri, da zafi, da ɗauri. In ka zare dutse ɗaya girki ba ya yiwuwa. Kai kuwa ukun duka sun zauna daram a wurinka.

Zafin da ake tsoro ya fara daga wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Ƙasa da haka 304 ba kasafai yake tsagewa a ruwa ba. Jiƙon shanshera da ruwan zafi kuwa tsakanin 60 da 70 ake yin sa, turarawa kuma 100 ne ko sama. Aikin gumi gaba ɗayansa a cikin gonar wannan cuta yake.

Gishirin kuma, kada ka tsaya ga abin da ke cikin ruwan bohol kawai. Ka duba inda ruwa yake bushewa a kan ƙarfe mai zafi. Ɗauki ruwa mai miligiram 100 a lita, wanda kowa zai ce lafiya lau. In kashi 99 cikin ɗari ya tashi tururi, abin da ya rage yana ɗauke da 10,000, ya haura rabin na teku. Wannan yana faruwa kullum a layin da ruwa ke tsayawa a cikin tanki, da inda famfo ke ɗiga a jiki, da ƙarƙashin audugar da ake naɗe tanki da ita don riƙe zafi. Wannan ta ƙarshen ta fi cin mutane, domin ruwan sama ko na wanki yana shiga audugar, ya bushe, ya sake shiga, gishiri yana taruwa shekara da shekaru ba wanda ya gani. Tankuna da dama daga waje suke tsagewa zuwa ciki, mai su yana can yana zargin ruwan da ke ciki.

Dutse na uku shi ne wanda ba a gani. Za ka ce ai ba wani nauyi a kan tankin. Ɗaurin yana cikin ƙarfen tun ranar da aka ƙera shi. Idan aka yi walda, wurin yana kumbura da zafi, in ya huce yana son ya tsuke, ƙarfen da ke kewaye da shi ya hana. Sai ya zauna a ɗaure kamar tsarkiyar baka, har abada. Wannan ja da walda ke bari yana kusan kaiwa iyakar abin da ƙarfen zai ɗauka kafin ya lanƙwashe. Sitenles irin 304 ya fi baƙin ƙarfe wannan hali, don yana buɗewa da zafi kusan ninki ɗaya da rabi na baƙin ƙarfe, kuma zafi ba ya gudu a jikinsa sai kusan sulusin yadda yake gudu a baƙin ƙarfe, sai ya taru wuri ɗaya. Naɗe falle a mayar da shi ganga, da bugun guduma don baki ya haɗu da baki, da ɗaure noti fiye da kima, duk suna ƙara nasu.

Yadda abin yake tafiya shi ne: gishiri ya huda fatar ya yi ɗan rami, ko lungu ya fara ci. Ja ya taru a gindin ramin ya buɗe shi kaɗan. Sabon ƙarfe ya bayyana, gishirin ya ci shi kafin fata ta rufe, ja ya sake buɗewa. Haka tsagar take kutsawa ta tsakiyar ƙwayoyin ƙarfen tana rassa kamar saiwar gero. Ƙarfen da take ci bai kai cikin cokali ba, shi ya sa kauri ba ya raguwa, ƙyalli ba ya dusashewa, tsatsa ma sau da yawa ba a gani. Ka lura kuma cutar farko ita ke buɗe wa ta biyu ƙofa.

Daga nan za ka gane dalilin da faci bai riƙe ba. Tsagar da ido ya gani reshe ɗaya ce cikin masu yawa. Mai walda ya rufe ta, zafin waldarsa ya kawo sabon ɗauri a kan ƙarfen da ya riga ya cika da ƙananan tsaga, sai na kusa suka buɗe. Masu walda da suka saba suna gane wannan tun suna cikin aiki, don tsagar tana gudu gaban wutar, kana binta tana ƙara gaba. Ba laifin hannunsa ba ne. In za a yi gyara na gaskiya, sai an yanke yankin gaba ɗaya har a kai ƙarfe mai lafiya a sa sabon falle, kuma shi ma sayen lokaci ne muddin murhun yana nan da duwatsunsa.

Digiri 60 ɗin nan ma kada a ɗauke shi kamar katanga. A 1985, a garin Usta na ƙasar Suwizalan, rufin kankare na wani ɗakin wasan ninƙaya ya rufto ya kashe mutum 12. Sandunan sitenles da suke riƙe da shi ne suka tsage, a iskar da zafinta bai fi na ɗaki mai ɗumi ba, saboda tururin ruwa mai sinadarin kulorin ya daɗe yana sauka a kansu yana bushewa ba mai wankewa. Na kawo wannan ne saboda masu wanke tanki da bilic su bar shi ya bushe a jiki, da masu zuba asid ɗin wanke tayil don ƙarfe ya yi haske. Wannan asid ɗin kuloraid ne tsantsa, guba ce ga sitenles.

Maganar jabu kuwa, maganaɗisu ba shaida ba ne. Akwai 201, wanda aka rage masa nikel aka cika da manganis don ya yi araha. Shi ma maganaɗisu ba ya kama shi, kuma ya cika kasuwa ana sayar da shi da sunan 304. Sannan 304 na gaskiya yana ɗan kama maganaɗisu a inda aka lanƙwasa shi ko aka buge shi. Abin da ke raba gardama shi ne takardar shaidar masana'anta mai lambar da ta dace da wadda aka buga a jikin fallen, ko na'urar hannu da ake haska wa ƙarfe ta karanto sinadaransa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 injinan casa suka yawaita, masu ƙera ƙofa da taga da yawa suka koma aikin sitenles da kayan aikinsu na da. Garandar da ta yanki baƙin ƙarfe in ta taɓa sitenles tana dasa masa ɓurɓushin ƙarfe, ya yi jan tsatsa a sama, kowane ɗigo kuma mafarin rami ne. Launin shuɗi da ruwan ƙasa da ke gefen walda shi ma ba ado ba ne, wurin ya yi ƙarancin kuromiyam, dole a cire shi. Akwai ma wata cuta ta uku da za ta iya fakewa a nan: in aka daɗe ana gasa 304 tsakanin digiri 450 da 850, sinadarin kabon da ke cikinsa yana kame kuromiyam a iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, sai ka ga layin ci yana bin walda a gefe da 'yan milimita. Maganinta sayen mai harafin L, wato 304L ko 316L, wanda kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 ba.

Yanzu ga tambayarka ta kuɗi. In ka sake da 316 don maganin tsagewa, ina ganin za ka biya tsada ne ka sayi jinkiri. Abin da 316 ya fi 304 da shi shi ne molibdinam kashi 2 zuwa 3, wanda yake taimakawa sosai wajen ramuka da tsatsar lungu. Amma danginsu ɗaya, nikel ɗinsa 10 zuwa 14 ne, kuma gwaje-gwajen da aka yi tun shekarun 1950 a tafasasshen ruwan gishirin maganiziyam sun nuna cewa nikel wajen kashi 8 zuwa 10 shi ne mafi saurin tsagewa. Sai an haura kashi 40 ake tsira, wannan kuwa ba kuɗin injin casa ba ne. Ta ɗaya gefen, sitenles marar nikel irin 430, wanda maganaɗisu ke kamawa mutane suna raina shi, ba ya wannan tsagewar, sai dai ba shi da ƙarfin jure ramuka kuma waldarsa tana da gautsi a falle mai kauri.

Wanda aka yi domin irin aikinka shi ne 2205, da ake kira dufules saboda ƙwayoyinsa iri biyu ne a gauraye, rabi dangin 304 rabi dangin 430. Kuromiyam 22, nikel wajen 5, molibdinam 3, da ɗan naitirojin. Tsaga in ta taso a ƙwaya ɗaya sai ta ci karo da ɗaya irin. A lissafin da ake auna juriyar ramuka da shi, 304 yana wajen 18, 316 wajen 24, 2205 wajen 35. Ƙarfinsa kusan ninki biyu ne na 304, don haka ana iya rage kaurin falle a rage tsada. Sharaɗinsa a samu mai waldar agon, wato wadda ake yi da iskar gas ta agon, da ya san shi, da sandar walda 2209. In aka yi masa walda da sandar 308, wadda ta 304 ce, an zubar da kuɗin.

Kada kuma ka raina baƙin ƙarfe. Kuloraid ba ya yi masa irin wannan tsaga, tsatsarsa a fili take, kana iya auna kaurinsa kowace shekara. Shi ya sa tukunyar da ke dafa tururi a manyan masana'antu da shi ake yin ta. Aibinsa shi ne yana iya ɓata launin shinkafa a inda yake taɓa ta, don haka wurinsa wajen wuta da tururi ne, ban da tankin jiƙo.

Amma kafin ka sayi ko da falle ɗaya, kai ruwan bohol ɗinka a auna kuloraid. Aliero na kusa da kai, sashen kimiyyar sinadarai na jami'ar can ko na kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi wurare ne da za ka tambaya, gwajin kansa mai sauƙi ne. Ɗebi ɗaya a ƙarshen rani, wajen Afrilu, ɗaya bayan damina. 'Yar na'urar da masu fiya wata suke tsomawa a ruwa jimillar gishiri take nunawa, ba ta ware kuloraid. Sannan ka sa a kwance audugar a duba bayan tankin. Don ganin iyakar tsagar, akwai gwangwanaye uku da ake sayarwa tare: na wankewa, na jan launi, da na farin hoda. A fesa ja, a jira kamar minti 15, a goge, a fesa fari, rassan za su fito ja a kan fari. In ba a samu ba, tsohuwar dabarar tana aiki: alli a gefe ɗaya, kananzir a ɗaya gefen, sai dai a wanke sosai tunda abinci ne. Tsaga mai rassa ita ce wadda muke magana a kai. Guda ɗaya miƙaƙƙiya kusa da inda inji ke girgiza gajiyar ƙarfe ce, maganinta daban.

In ruwan ya fito da ƙarancin gishiri kuma tsagar daga waje ta faro, ka yi sa'a. Sabon falle na 304L ko 316L, fenti mai jure zafi a bayan tanki kafin a naɗe, auduga da rufin da ruwa ba ya shiga, a gyara famfon da ke ɗiga, za ka daɗe. In ya fito da yawa, ko dai a tace ruwan da na'urar cire gishiri irin ta gidajen ruwan leda, ko a koma 2205 a sassan da ke zafi. Ko wanne ka zaɓa, a yi gindin tanki da gangare yadda zai tsiyaye tas, walda ta ratsa ta kuma zagaye ba ɗige ba, roba ta zama marar shan ruwa ana cire ta ana wanke ƙarƙashinta, kuma in an tashi aiki a zubar da ruwan jiƙo a ɗauraye a bar ƙofa buɗe. Kada ka yarda wani ya ce zai gasa gefen walda da wutar gas don ya saki ɗauri. Sakin ɗauri na gaskiya sai an kai ƙarfen sama da digiri 1,000 an sanyaya da sauri, gashin gas kuwa cikin 450 zuwa 850 ɗin nan zai jefa shi. Man da ake shafawa don cire launin walda kuma yana da asid mai ratsa fata har ƙashi, sai da safar hannu da tabarau da ruwa a kusa.

Ita tukunyar turara, in rufaffiya ce tururi yana matsewa a cikinta, Alhaji ka tsayar da ita yau, ba gobe ba. Tankin jiƙo yoyo zai yi ya ɓata maka ƙasa. Tukunya mai matsi da rassan tsaga a jikinta tana iya buɗewa lokaci ɗaya, ga yara ma'aikata tsaye a gefenta. Kada a sake hura mata wuta sai an yi gwajin jan launi a duk layukan waldarta, ciki da waje, an kuma gwada ta da matsin ruwan sanyi, ba da iska ko tururi ba.